Neman Wurin Cin Abinci A Alƙahira: Abin Da Uwargida Za Ta Sani Kafin Ta Ɗaure Kaya

Idan tafiya Masar ta kama iyali, abubuwan da ake zama a tattauna sanannu ne: fasfo da biza, takardun asibiti, canjin dala, sai gidan da za a sauka. Da wuya ki ji wani ya ce, to idan an je me za a ci, kuma a ina? Kowa yana ganin ai ƙasar Musulmi ce, abinci ba zai zama abin damuwa ba. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na raka surukata Alƙahira a watan Afrilun 2024 domin a yi mata aikin gwiwa. Mako shida muka yi. A makon farko, in gaya miki gaskiya 'yar uwa, cikin Hajiya ya fi gwiwarta hana ni barci.

Hajiya tana da ciwon suga da hawan jini, kuma mace ce da ta haura shekara saba'in tana cin tuwo da daddare. Ranar da muka sauka, direban da ya ɗauko mu daga filin jirgi ya ce zai kai mu wurin da babu kamarsa a garin. Ya kai mu wani katafaren gidan abinci mai fitilu kala-kala. Ba a ba mu takardar farashi ba, mu ma ba mu nema ba. Kafin mu buɗe baki an cika tebur da ƙananan kwanuka sun fi goma, muka ɗauka kyauta ce ta tarbar baƙi. Hajiya ta ɗanɗana wani jiƙaƙƙen karas mai gishiri kamar an wanke shi a teku, ta ture kwanon, ba ta ƙara kai hannu ba. Da aka kawo lissafi sai da maigida ya cire tabarau ya goge ya sake mayarwa. Kowane ƙaramin kwano da kuɗinsa. Daga baya muka gane direban ma yana da nasa kason a ciki.

Kuɗi dai sun tafi, an haƙura. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daga ranar Hajiya ta yanke hukunci cewa abincin Larabawa ba nata ba ne. Kwana huɗu tana kan shayi da biskit. Da muka je ganin likita ya duba sakamakon gwajinta ya ce ba zai taɓa ta da wuƙa ba sai sugan ya daidaita, kuma ba zai daidaita ba muddin tana shan magani ciki babu komai. Kowace rana da aka ɗaga kuma kuɗin haya ne yake ƙaruwa. A nan na gane cewa neman wurin cin abinci yana cikin jinyar.

Wa za ki tambaya?

Alƙahira da kewayenta suna ɗauke da mutum fiye da miliyan 20. Gari ne da ba ya barci, kuma kusan kowane lungu akwai mai sayar da abinci. Saboda haka wurare suna nan birjik, tantancewa ce aiki. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda zai tambaya. Direban da ya tare ki a filin jirgi, da dillalin da ya samo muku gida, da saurayin da ya biyo ki a kasuwa yana ce miki 'yar uwa, duk suna iya samun lada a inda suka kai ki.

Wadda ta fitar da ni kunya ita ce matar maigadin benen da muka sauka a unguwar Dokki. A can kusan kowane bene yana da maigadi da suke kira bawwab, galibi yana zaune da iyalinsa a ƙasan benen, kuma babu abin da ke faruwa a layin da bai sani ba. Na sauka wurinta da ɗan Larabcin Islamiyya da ya rage mini. Da na tambaye ta inda abinci mai kyau yake, sai ta fara lissafa mini manyan wurare irin na baƙi. Sai na sauya tambayar, na ce ke ina kike saya wa 'ya'yanki? Nan take ta ja mayafi ta ce in biyo ta. Tun daga ranar, wannan tambayar nake yi wa ma'aikatan jinya da mai kantin magani da matan da muke haɗuwa a ɗakin jiran likita, kuma ba ta taɓa kai ni wurin banza ba.

Idan kin isa wurin, idonki zai ƙarasa miki aikin. Ki duba su waye a zaune. Wurin da kika ga mata da yara, da layin mutanen unguwa riƙe da leda suna jira, abincinsa ba ya kwana. Wurin da kika ga baƙi zalla da masu kira a bakin ƙofa, ki wuce. Na lura kuma cewa a Alƙahira gidan da ya tsaya a kan abu ɗaya ya fi iya shi: mai koshari koshari kawai yake yi, mai kifi kifi, mai tattabara tattabara. Gidan da takardarsa ta kai shafi goma, daga shinkafar Sin har taliyar Italiya, akwai abin da ya daɗe a firij. Gidaje da yawa suna da ɓangaren iyali, sau da yawa a hawa na sama, sai ki tambayi salat al-a'ilat, za ki zauna ki ci a natse ba tare da idon maza a kanki ba.

Waya ma tana taimakawa. A Google Maps ina duba ra'ayoyin da aka rubuta da Larabci, ko da ban gane duka ba, domin yawansu yana nuna 'yan gari na zuwa. Ranar da ba zan iya barin Hajiya ita kaɗai ba, da manhajar Talabat nake yin oda a kawo har ƙofa.

Abincin da gari yake ci

Safiyar Alƙahira ta ful ce. Wani babban wake ne da ake dafawa dare guda a cikin tukunya mai ƙaramin baki, har ya yi lugub, a zuba masa mai da lemon tsami da ɗan kamun, a ci da gurasarsu. Gurasar nan aish baladi suke ce mata, kuma kalmar aish rayuwa take nufi, wanda ya isa ya nuna miki matsayinta a wurinsu. Gwamnati tana tallafa wa farashinta ga masu kati, kuma da aka ƙara shi a watan Yunin 2024, karo na farko cikin fiye da shekara 30, magana ce da ta cika ƙasar. Tare da ful akwai ta'amiyya, wadda ita ce ƙosansu: waken nan ake niƙawa da ganyayyaki a soya, waje ya yi ja, ciki ya yi kore. Ita ce abu na farko da Hajiya ta yarda ta ci. Ta juya ta, ta gutsura, ta ce, "Wannan ai ƙosai ne ya yi rini." Ta ci uku. Idan ba ki son tsayawa wurin masu amalanke a bakin titi, akwai gidaje irin su Gad masu rassa a unguwanni da yawa, inda za ki zauna a kan kujera ki ci.

A nan akwai gargaɗin da nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Akwai wata larura ta jini da ake gada, likitoci suna kiranta ƙarancin G6PD, tana da yawa a cikin 'ya'ya maza a ƙasashenmu, kuma da dama ba su san suna da ita ba. Wannan waken na ful yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ita. Mutanen Masar sun san abin sosai, har sunan waken suka laƙaba wa ciwon. Idan likita ya taɓa gaya miki ɗanki yana da ita, kada ya kusanci ful ko ta'amiyya. Idan kuma yaro ya ci, bayan kwana ɗaya ko biyu kika ga idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, jikinsa ya mutu, ki garzaya da shi asibiti ki faɗa musu abin da ya ci.

Da rana kuma sarkin abincin talaka shi ne koshari. Shinkafa ce da taliya da makaroni da adas da wani wake mai suna hummus, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa. A kan tebur za ki ga kwalba biyu. Ɗaya dakka ce, ruwan tafarnuwa da tsami, ɗaya kuma shatta, wato barkono, kuma shi kam ko Bahaushiya sai ta yi a hankali. Babu nama a ciki ko kaɗan, yara suna sonsa, kuma kwano ɗaya yana riƙe ciki har dare. Gidan da ya fi suna shi ne Abu Tarek a titin Champollion da ke tsakiyar gari, ba nisa da dandalin Tahrir, bene ne hawa-hawa da ba a sayar da komai sai koshari da ɗan kayan zaƙi. A watan Disambar 2025 hukumar UNESCO ta saka koshari a jerin al'adun duniya da ake adanawa. Sai dai ga mai ciwon suga wannan kwano sitaci ne a kan sitaci. Ni na ci na more, Hajiya kuwa cokali uku na ɗanɗano kawai ta samu, tana harara ta.

Ki kuma san lokacinsu, don kada ki je ki tarar da tukunya ba ta nuna ba. Babban abincinsu na rana sai wajen ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, na dare kuwa har bayan goma ana ci. Ranar Juma'a da safe gari shiru yake, wurare da yawa sai an sauko daga masallaci suke buɗewa.

Ashe lalo ne

Ranar da al'amarin Hajiya ya juya ita ce ranar da matar maigadi ta kai ni wani ƙaramin gidan abinci na girkin gida, irin wanda ake jera tukwane a bayan gilashi ki nuna abin da kike so. Na hango wata koriyar miya mai yauƙi. Na tambaya aka ce mulukiyya. Na sa aka zuba mini kaɗan na kai baki, sai na yi dariya ni kaɗai. Lalo ne, 'yar uwa. Lalon nan namu da ake tsinka a bayan gida, shi ne miyar alfarma a Masar.

Yadda suke yinsa ne ya bambanta. Ɗanyen ganyen suke yankawa da wata lanƙwasasshiyar wuƙa mai mariƙi biyu har ya yi laushi, su zuba a romon kaza ko na zomo, ba sa sa kanwa, ba sa bari ya daɗe a wuta. Sai a soya tafarnuwa da dakakken kusbara a man shanu a juye a kai yana ƙara. Matan can suna da wata al'ada, lokacin juyewar sai mai girkin ta ja numfashi da ƙarfi kamar ta tsorata, wai miyar ba ta daɗi sai da haka. Masana tarihi sun kawo cewa wani sarkin Fatimiyyawa, Alhakim, ya taɓa hana cin mulukiyya a ƙasar shekara dubu da suka wuce. Ga shi har yau ana ci, shi kuwa sai a littafi.

Na kai wa Hajiya da farar shinkafa kaɗan da dafaffiyar kaza, na barbaɗa mata yajin da na zo da shi daga gida. Ta cinye tas. Bayan kwana biyar likita ya sa ranar aiki.

Daga nan sai idona ya buɗe, na riƙa ganin kayan gida ko'ina da sunan Larabci. Bamiya kuɓewa ce, sai dai su ƙananan suke dafawa ɗungurungum a cikin tumatir da nama, ba sa son yauƙinta. Karkade zoɓo ne, ana shansa da zafi ko da sanyi. Tamar hindi tsamiya ce. Dum kuwa goruba ce, wadda yaranmu ke gwagwiya a hanyar makaranta, su jiƙa ta suke yi su sha ruwan. Kawari ƙafar sa ce, kibda hanta ce, hamam tattabara ce da suke cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama a gasa. Gidan Farahat da ke wajen titin Azhar ya yi suna a kan tattabarar. Idan kin shiga kantin lemo, wanda za ki gane shi da ragar lemo da mangwaro a rataye a ƙofa, ki nemi asab, ruwan rake ne da ake matsewa a gabanki. A tsaye ake shansa nan take, domin in ya jima kaɗan baƙi yake yi.

Abu ɗaya a cikin abin shan nan da mai hawan jini zai guje wa shi ne irk sus, wani baƙin jiƙo na saiwa mai zaƙi-zaƙi da ɗaci, wanda masu talla ke yawo da shi a babbar buta suna kaɗa faranti. Yana ɗaga jini. Haka ma turshi, wato jiƙaƙƙun kayan lambun da suka kori Hajiya ranar farko, gishiri ne zalla. Shayinsu kuma idan ba ki yi magana ba da suga cokali uku zai zo. Ki ce sukkar barra, sai a kawo miki sugan daban.

Nama, kifi da takardar lissafi

Gasasshen nama a can da awo ake sayarwa. Za ki ce rubu'in kilo ko rabin kilo na kabab, ko na kofta wadda niƙaƙƙen nama ce a jikin tsinke. Mu uku rabin kilo da gurasa da salak yana isarmu. Abu Shakra, wanda ya faro a titin Kasr al-Aini tun 1947, yana cikin tsofaffin gidajen da iyalai ke zuwa. Kifi ma haka ne, ke za ki zaɓa a kan ƙanƙara, a auna a gabanki, ki faɗi gashi kike so ko suya. Ki tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta. Inda nake taka-tsantsan shi ne niƙaƙƙen nama mai arha a wurin da ban sani ba, irin hawawshi, wato gurasa mai nama a ciki, da tsiran hanji na bakin titi. Abin da aka niƙa ba ki san me aka haɗa ba, kuma araha ba ta ado.

Idan tafiyarki ta faɗo a bazara, akwai bikin Sham an-Nasim da ake yi ranar Litinin bayan Istar Kiristocin Kibɗawa. Mu ya same mu a can ranar 6 ga Mayun 2024. A ranar ana cin wani ruɓaɓɓen kifi mai gishiri da ake kira fasikh, maƙwabta kuma za su yi miki tayi da zuciya ɗaya. Ma'aikatar lafiyar ƙasar da kanta tana gargaɗi a kansa kowace shekara, domin idan ba a yi shi daidai ba guba yake zama, kuma a 1991 ya kashe mutum 18. Ki yi godiya, ki ɗauki dafaffen ƙwai mai launi da ake rabawa tare da shi, ki bar musu kifinsu.

Batun lissafi kuwa, darasin ranar farko ya ishe ni. Ki nemi takardar farashi kafin ki zauna. Idan an kawo ƙananan kwanukan da ba ki nema ba, ki tambaya ko da kuɗi, in ba ki so a ɗauke tun ba a taɓa ba. A manyan gidaje ana ƙara kashi 12 cikin ɗari na hidima da kashi 14 na haraji a kan abin da kika gani a rubuce, wato abin fam 1,000 zai haura 1,250. Bayan haka ma'aikacin yana sa ran ɗan ihsani a hannu, wanda suke kira bakshish. A ƙananan gidaje farashin da lambobin Larabci ake rubutawa, irin waɗanda ke ƙasan shafin Alƙur'ani, don haka wadda ta yi Islamiyya ta huta. Ki dai tuna biyar ɗinsu ita ce mai kama da sifirinmu, sifirinsu kuma ɗigo ne. Kada kuma ki dogara da farashin da wata ta gaya miki ta je shekarun baya. A watan Maris na 2024 kaɗai fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50, kuma komai ya bi shi.

Ruwa na roba nake saya, in duba murfin a rufe yake. Ƙanƙara da ɗanyen salak a wurin da ban yarda da shi ba ina barinsu, musamman ga Hajiya da aka yi wa aiki, don gudawa ga mai ɗinki a gwiwa ba ƙaramar wahala ba ce.

Halal fa?

Naman da ake sayarwa a gidajen abinci na gari yankan Musulmi ne, wannan ba abin da zai dame ki ba ne. Alade sai a wasu 'yan shaguna ƙalilan da aka sani, ba za ki yi karo da shi da tsautsayi ba. Abin lura shi ne giya da yanayin wuri. Manyan otal-otal da wasu gidajen abinci a unguwanni irin su Zamalek suna sayar da giya. Jiragen ruwan nan masu fitilu da ake cin abincin dare a kan kogin Nilu, waɗanda dillalai ke tallatawa sosai, galibinsu akwai kiɗa da rawar mata a cikin shirin. Wata baiwar Allah da muka haɗu a asibiti ta ba ni labarin yadda ta biya wa iyalinta, har da surukinta, ba ta tambaya ba, jirgi kuma ya riga ya bar gaɓa babu wurin fita. Idan kogin kuke so, ku ɗauki hayar ƙaramin jirgi mai filafilai da ake kira faluka na awa ɗaya, ku kaɗai, ku tafi da abincinku. Ko ku je lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan wani tsohon juji na ɗaruruwan shekaru. Akwai wuraren cin abinci a ciki, yara su yi gudu a ciyawa, ku kuna kallon hasumiyoyin tsohon gari lokacin kiran magariba.

A kasuwar Khan al-Khalili, kusa da masallacin Husaini, akwai gidan shayin Fishawi da ya haura shekara 200, inda marubucin nan Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya saba zama. Ya cancanci a leƙa a sha shayi da na'ana'a, amma wuri ne na shisha, mai asma ko ƙaramin yaro kada ya daɗe. Kayan zaƙi kuwa, basbusa da kunafa da sauransu, El Abd a titin Talaat Harb za ki gane shi da cunkoson da ke ƙofa.

Idan kewar tuwo ta taso

Duk daɗin lalon Masar, a mako na uku Hajiya ta fara zancen tuwo. Wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Azhar shi ya yi mana jagora. Dangantakar ƙasarmu da makarantun Alƙahira tsohuwa ce, tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu masauki a garin, kuma har yau 'ya'yanmu suna can da yawa. Da dama suna zaune a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, inda 'yan Afirka suka taru. A can akwai matan da ke girkin gida a ɗakunansu, tuwo da miyar kuka, dambu, shinkafa da wake, a yi musu waya su aiko. Ba su da allo a ƙofa, ta bakin ɗalibai ake samunsu, don haka tun kafin ki taso ki nemi lambar wani ɗalibi ta hannun 'yan uwa.

Hanya ta biyu ita ce gidajen abincin Sudan, waɗanda suka ƙaru ƙwarai a unguwannin Faisal da Ard al-Liwa tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023. Asidarsu tuwo ce sak, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Suna kuma da wani gasasshen nama mai ƙuli da yaji da suke kira agashe. Ki sake karanta sunan a hankali. Tsire ne, Hausawan da suka zauna a Sudan a hanyar Makka suka kai shi, sunan ma bai canza ba. Da na kawo wa Hajiya ta tambayi sunansa na faɗa mata, sai ta ce to ai gara da suka gashe shi.

A Dokki kuma, kusa da mu, akwai gidajen abincin Yaman masu shinkafar mandi da naman rago, irin wadda alhazai suka sani a Saudiyya. Mutanen Siriya da suka zo bayan 2011 su ma sun buɗe gidajen shawarma da gasasshiyar kaza, musamman a birnin 6 ga Oktoba.

Duk da haka, wadda za ta yi jinya ta makonni ta nemi gida mai kicin. Ki zo da yajinki da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da ɗan garin kunu, a ɗaure da kyau. Kayan miya ɗanye, kaza, kifi da 'ya'yan itace suna nan a kowace kasuwar unguwa. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, ba ta yin dafa-duka mai warwarewa, amma tuwon shinkafa kam kamar don shi aka halicce ta. Tsarin da muka zauna a kai shi ne karin safe daga waje, rana daga gidan girkin da matar maigadi ta nuna mini, dare kuma tuwo daga hannuna.

Mun koma a watan Maris na 2025 don likita ya duba gwiwar, ya zo daidai da azumi. Wanda bai ga Alƙahira da azumi ba bai ga gari ba. Tituna cike da fitilun fanus, kuma kafin magariba za ki ga an jera dogayen tebura a bakin hanya, ma'idatur Rahman, masu hali ne ke ciyar da duk wanda ya zo, ba a tambayar daga ina kake. Matasa suna tsayawa a mahaɗar titi suna miƙa wa masu mota dabino da ruwa. Sai dai ki sani, awa ɗaya kafin shan ruwa hanya ba ta motsi, gidajen abinci masu suna sai an kama wuri tun da rana, oda ta waya kuma in ba ki yi da wuri ba sai bayan isha za ta iso. Da rana yawancin ƙananan gidaje a rufe suke, saboda haka mai jinyar da ba ya azumi a tanadar masa tun da dare.

A benen da muka sauka a baya muka sake sauka. Daren farko, ana saura minti kaɗan a sha ruwa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar maigadi ce riƙe da kwanon mulukiyya mai zafi an rufe da gurasa, ta ce mamarta ta ce a kai wa Hajja. Su ma kamar mu, ba a mayar da kwano haka nan. Washegari na cika shi da dambun naman da na zo da shi daga Kano na sauka na kai mata da kaina. Ta ɗebi kaɗan ta sa a baki, ta yi shiru tana taunawa, sai ta kira mijinta daga bakin ƙofa, ta ce in zauna in faɗa mata yadda ake yinsa tun daga farko.